Adaftar da ke tura intanet ta wayar wuta: za ta yi aiki a gida mai inbata da layi uku?

Tambayar ita ce: "Gidana bene ne a Kano. Rauta tana falon sama, domin can ne sabis ya fi ƙarfi. WiFi ba ya sauka ƙasa sosai, boskwata kuwa ko ɗigo. Na ga wata adafta da ake cewa tana tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida. Muna da wuta mai layi uku, da inbata mai sola, da janareta. In saya?"

Malam, ɗakin ƙasa mai yiwuwa ne ta yi maka, boskwata kuwa kada ka sa rai tukuna. Amma kafin ka fitar da ko kwabo, sai ka san yadda aka ja wayarin gidanka, domin ita wannan na'ura ba ta da hanya tata ta kanta. Wayar da mai aikin wuta ya binne a bango ranar da ake gini, ita ce titinta. In titin ya yi kyau ta yi gudu, in akwai shinge a tsakani ta tsaya cak, komai tsadarta.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, mun daɗe muna amfani da irinsa ba mu lura ba. In mitarka ta kati irin wadda ake ɗaurewa a saman turken wuta ce, ka san ɗan akwatin nan mai madannai da kake loda kati da shi a cikin gida. Da yawa daga cikinsu ta wayar wuta suke magana da mitar. Shi ya sa ake ce maka ka soka shi a soket na bango kai tsaye, kuma ranar da kuke kan janareta sai ya ƙi karɓar lambobin. Adaftar da kake tambaya a kai, wadda za ka ga an rubuta Powerline a kwalinta, dabarar ɗaya ce, sai dai kayan da take ɗauka sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wutar gidanka tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Adafta tana ɗora nata saƙon a kan wayar a can sama, daga wajen megahaz 2 zuwa 30 (megahaz ɗaya shi ne kaɗawa sau miliyan a daƙiƙa) a tsofaffin samfura, har zuwa 86 a sababbi. Ɗaya tana kusa da rauta, an haɗa su da guntun kebul. Ɗayar tana ɗakin da kake son intanet, ta tsamo saƙon daga waya ta miƙa wa kwamfuta ko talabijin, ko ta watsa WiFi in mai WiFi ce. Akwatin mitarka kuwa can ƙasa yake magana, bai kai ko megahaz ɗaya ba, don haka ba za su yi karo ba.

Yawancin waɗanda ke kasuwa 'yan gidan HomePlug ne. Na farko ya fito a 2001 da gudun megabit 14 a daƙiƙa, HomePlug AV ya biyo a 2005 da 200, sai AV2 a 2012, wanda shi ne ake rubuta wa AV600, AV1000, har AV2000. Akwai wani gida daban mai suna G.hn, irin wanda kamfanin devolo na Jamus ke amfani da shi a samfurinsa na Magic. Gidajen biyu ba sa jin yaren juna. In ka sayi ɗaya daga nan ɗaya daga can, ka yi asarar kuɗinka.

Lambar nan ta jikin kwali kuwa, kada ta ruɗe ka. Gudun da saƙo zai iya yi ne a kan gajeriyar waya mai tsafta a ɗakin gwaji, kafin a cire abin da ke tafiya wajen gyaran kurakurai da jiran layi. A gidan gaske, in ka samu kashi ɗaya cikin uku ka gode wa Allah. Akwai ma abin dariya: wasu masu lambar AV600, kamar TL-PA4010 ta TP-Link, ramin kebul ɗinsu megabit 100 kawai yake ɗauka. Ko da wayar gidanka ta zinare ce, ba za ka wuce nan ba. Wannan ba lallai ya dame ka ba. In sabis ɗin da ke shigo maka bai wuce megabit 30 ko 40 ba, adaftar da ke kawo 50 a tsaye ta wadatar. Abin da nake nema a wurinta shi ne ta dawwama, ba ta yi gudu da safe ta sume da Magariba ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar a gidanka: inbata.

A yawancin gidajenmu ba duka soket ake ɗora wa inbata ba. Ana ware fitilu da fankoki da wasu soket na falo da ɗakunan kwana a ba ta, a bar na'urar sanyaya ɗaki da hita da dutsen guga da injin bohol a kan wutar NEPA kai tsaye. Ke nan gida ɗaya ne a ido, amma wayarin gida biyu ne, kuma ƙofar da ke tsakaninsu tana cikin inbatar. Idan akwai wuta, inbata tana rufe wani makunni a cikinta ta bar wutar waje ta wuce. Ko a lokacin, saƙon adafta sai ya ratsa matatun da aka sa a bakin shiga da bakin fita, waɗanda aikinsu shi ne kashe duk wani abu mai kaɗawa da sauri, wato daidai irin abin da adafta ke aikawa. Idan inbata ta koma kan batir, makunnin ya buɗe, ƙofar ta rufe.

Na taɓa shan wahalar wannan a wani gida. Maigidan ya ce da safe komai lafiya, da dare ma lafiya, amma daga wajen ƙarfe 10 zuwa bayan La'asar intanet ɗin ƙasa sai ta ɗauke, alhali ga wuta a ko'ina, fitilar adafta ta wuta a kunne, ta haɗi ce kawai ke mutuwa. Na canza adafta, na canza kebul, na zargi firji, na zargi injin ruwa. Kwana na biyu ina tsaye kusa da ɗakin batir sai na ji "ƙas!" daga cikin inbatar, kafin in kai falo fitilar haɗin ta mutu. Ashe an saita inbatar ta fifita sola: rana na ɗagawa sai ta saki wutar waje ta koma kan faranti da batir, ko da NEPA ba su ɗauke ba. Adaftar sama tana soket na inbata, ta ƙasa tana soket ɗin da aka ja wa na'urar sanyaya ɗaki. Maganin bai ci ko sisi ba. Mun matsar da ta ƙasa zuwa soket ɗin bayan talabijin, wanda yake kan inbata, magana ta ƙare.

Saboda haka gwajin farko kai ma za ka iya yi yau. Ka kashe babban makunnin wutar waje, ka bar inbata tana aiki, ka ɗauki cajar waya ka bi soket ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kawo wuta ka liƙa masa ɗan salatef. Kana son soket na kusa da rauta da na ɗakin ƙasa su kasance duk masu salatef. In haka ne, ka haye babban tudu, kuma ka samu ƙarin riba: in an ɗauke wuta haɗin ba zai mutu ba. Mutane da yawa suna manta cewa adafta ita kanta wuta take ci. Rauta tana iya rayuwa a kan ɗan batirin nan nata na gefe, adafta kuwa in soket ya mutu ta mutu, gaba da baya. Sai dai in inbatar irin mai arhar nan ce da ke sa fanka kuka, wutar da take fitarwa cike take da hayaniya, gudun zai ragu sosai duk lokacin da kuke kan batir.

Sai maganar layi uku. Nan ma gida ya kasu biyu. Akwai gidan da layuka uku suke shigowa amma ɗaya ake zaɓa ya ciyar da gidan duka, ko da makunnin zaɓen layi ko da canza fis da hannu idan wani layin ya yi rauni. Irin wannan, a wurin adafta, gida ne mai layi ɗaya, babu matsala. Akwai kuma gidan da aka raba kaya da gaske: sama a jan layi, ƙasa a rawaya, kicin a shuɗi. A nan babu wayar da ta haɗa soket na sama da na ƙasa kai tsaye. Saƙon yana tsallakawa duk da haka, domin a irin wannan saurin kaɗawa wayoyin da suka kwanta kusa da juna a cikin akwatin rarraba wuta da cikin bututu suna ɗigar wa juna. Amma ɗiga ce, ba kwarara ba. Wani gidan a samu abin da ya isa, wani gidan fitila ta yi ta ƙyaftawa. Akwai ɗan abin da ake ɗaurawa a akwatin don ya haɗa layukan ta fuskar saƙo kaɗai, sai dai samunsa a kasuwarmu aiki ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai aikin wuta ya mayar da birekar soket ɗin ƙasa kan layi ɗaya da ta sama, in nauyin kayan ya ba da dama. Wannan aikinsa ne, ba naka ba. Kada ka buɗe murfin akwatin da kanka.

Abin da zai sauƙaƙa maka: inbatar gida galibi layi ɗaya take fitarwa. In soket biyun duk masu salatef ne, to suna kan layi ɗaya ke nan, maganar layi uku ba ta shafe ka ba.

Janareta bai cika zama matsala ba muddin adaftocin biyu suna bayan canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin NEPA da janareta. Har ma akan ga abin mamaki: gidan da aka raba wa layi uku, in janaretan mai layi ɗaya ne, akan haɗe layukan wuri guda ta ɓangarensa, sai ka ga intanet ta fi gudu a kan janareta fiye da kan NEPA. In ka ga haka, ka gano cutar: rabon layi ne.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce a soka adafta a bango kai tsaye. Ban da doguwar soket ta ja, musamman mai kariya daga tashin wuta. Ban da bayan sitabilaiza, ban da bayan ƙaramin batirin kwamfuta. Duk waɗannan suna da abin da ke shanye saƙon. Rauta tana iya zama a kan duk abin da ka ga dama, tun da ita kebul ne ke haɗa ta da adafta. In soket ɗaya ne a wurin, ka nemi adafta mai ramin soket a bayanta, wadda za ka soka sauran kaya a jikinta. Tana da matata a ciki da ke rage hayaniyar kayan da aka soka mata. In kuma babbar sitabilaiza ce ta gida duka a bakin shigowa, babu laifi, tun da adaftocin biyu suna bayanta.

Wannan doka tana da tsada a ƙasarmu, kuma ba na ɓoye wa kowa. Na'urar da ba za a iya ɓoye ta bayan kariya ba, ita ce ta farko da za ta sha duka ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko aka yi tsawa da damina. Na zubar da ƙonannun adaftoci ba ɗaya ba ba biyu ba. In tana ɓangaren inbata ta ɗan samu inuwa. In ba haka ba, ka sa a ɗaura maka abin kariya daga tashin wuta a cikin akwatin rarrabawa, wanda zai tsare gidan duka. Dama ya kamata a ce yana nan ko babu adafta.

Hayaniya ita ce ke sa gudu ya riƙa hawa da sauka. Manyan masu laifi ba su ne manyan kaya ba. Cajar waya mai arhar nan mara nauyi, da kwan fitila mai arha, da makunnin rage gudun fanka irin na zamani, sun fi firji ɓarna, domin su ba sa hutawa. Injin bohol da na'urar sanyaya ɗaki sukan tsoma baki idan sun tashi. In ka ga intanet tana lalacewa daidai lokacin da aka kunna fitilun tsakar gida, ka bi su ɗaya-ɗaya kana kashewa har ka kama ɓarawon. Wani lokaci matsar da caja ɗaya daga soket ɗin da ke maƙwabtaka da adafta ya isa. Haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatef a cikin silin, da soket ɗin da ya saki har yana baƙi, su ma suna cin saƙo, kuma waɗannan ko don gobara ya kamata a gyara.

Ga wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba. Manyan samfuran, daga AV1200 zuwa sama, suna samun ƙarin gudunsu ne ta amfani da wayoyi uku na soket: layif, nutural da at. Gidaje nawa ne a cikinmu aka ja wa soket wayar at da gaske har zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa? Na sha kwance soket in tarar ramin na uku fayau. In gidanka haka yake, kuɗin da ka ƙara a kan babbar lamba sadaka ka yi wa kamfani.

In akwai dattijo a gidan da har yanzu yake kama tashoshi a gajeren zango, ka sani cewa mita 16, 19, 25 da 31 duk suna cikin filin da adafta ke aiki, kuma wayar gida ba ta da rufi, tana watsa abin da ke cikinta kamar eriya. Zai iya jin wani ƙuuu a rediyonsa duk lokacin da ake sauke abu mai nauyi. FM bai cika shafuwa ba. Gara ka gwada tun kafin a zo ana neman wanda ya ɓata wa Baba labaran safe.

Wajen saye, ka ɗauki kwali mai guda biyu daga kamfani ɗaya, mai ƙafa uku irin ta Ingila da ke shiga soket ɗinmu ba tare da wani mahaɗi ba. 'Yan'uwa na Nijar su kuma su nemi mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Ka duba bayanta ka ga ƙarfin wutar da take ɗauka. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka wasunsu na 120 ne kawai, mu kuwa 230 muke. In sabis ɗinka ya haura megabit 100, ka tabbata ramin kebul na gigabit ne, wato mai ɗaukar megabit 1000. Ka kuma duba rautarka tana da ramin kebul a baya, domin 'yar ƙaramar nan ta aljihu ba ta da shi, ba ta inda za ka haɗa. Mafi muhimmanci, ko a Titin Beirut ka saya ko a Farm Centre, ka yi magana da mai shago tun farko cewa gwaji za ka yi, in ba ta yi ba za ka dawo da ita gobe da kwalinta. Babu wanda zai iya rantse maka za ta yi aiki kafin a soka ta a bangonka, ni ma haka.

Haɗawa ba wuya. Ka fara soka su biyun a ɗaki ɗaya, ka danna maɓallin da aka rubuta wa Pair a kan ɗaya, ka danna na ɗayar kafin minti 2 su cika. Kada ka tsallake wannan ko da ka ga sun haɗu da kansu. Daga kamfani duk 'yan gidan HomePlug AV kalmar sirri ɗaya suke zuwa da ita, danna maɓallin ne ke ba su sabon mabuɗi nasu su kaɗai. A gidan haya da ake tarayya a mita, in maƙwabci ya sayi irin taka bai danna ba kai ma ba ka danna ba, sai a wayi gari yana shan datarka bai ma sani ba. Bayan sun haɗu ka kai ɗayar ƙasa, ka gwada soket biyu ko uku a ɗakin, domin bambancin da ke tsakanin soket na wannan bango da na wancan yakan ba da mamaki. Manhajar kamfanin tana nuna gudun da ke tsakaninsu. Ka duba da safe, da tsakar rana, da bayan Magariba, a kan NEPA, a kan batir, a kan janareta. In haɗin yana yankewa duk lokacin da aka kashe talabijin ko kwamfuta na ɗan lokaci, ka shiga manhajar ka kashe yanayin tsimin wuta. In mai WiFi ce ka ba ta suna da kalmar sirri irin na babbar rauta, don wayoyi su riƙa komawa kanta da kansu.

Ka kuma sani cewa wayar ɗaya ce, kuma adafta ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Ta uku da ta huɗu ba ƙarin hanya ba ne, rabon wadda ake da ita ne.

Duk da wannan dogon bayani, in da gidana ne, kebul zan ja wa ɗakin ƙasa. Cat6 yana kai gigabit cikakke har mita 100, ba ruwansa da inbata, ba ruwansa da cajar kowa. A bene ba sai an fasa dekin ba: a huda kusa da tagar falon sama, a sauko da shi ta bayan gini cikin bututun roba, a shigar ta tagar ƙasa, a sa ƙaramar rauta a ƙarshensa a saita ta a matsayin mai watsa WiFi kawai. Aikin rabin yini ne. Adafta tana da amfani ne inda mai gida ya hana huda bango, ko uwargida ta ce ba za a ɓata mata fenti ba, ko zaman na 'yan watanni ne.

Boskwata kuwa, ka fara duba daga ina take shan wuta. In mitarta daban ce, ka cire adafta daga lissafi. In daga babban gida aka ja mata waya, to galibi ba ta kan inbata, ga nisa, ga akwatin rarrabawa na biyu a hanya. Kwali zai ce maka mita 300, amma tsawon waya ake nufi da duk lanƙwasarta, ba takun ƙafa ba, kuma a kan waya mai lafiya. Tun da adaftar tana hannunka za ka iya kai ta can ka gwada na minti goma, ba ka yi asarar komai ba. In ba ta yi ba, ka binne kebul irin na waje cikin bututunsa daban, ba tare da wayar wuta ba, a sa masa abin kariyar tsawa a kowane ƙarshe, domin jan ƙarfe tsakanin gini biyu yana jawo wa rauta ajali da damina. In tsakar gidan an riga an shafe ta da siminti ba a son fasawa, akwai ƙananan na'urorin WiFi na waje da ake ɗaurawa a bango su kalli juna. Daga barandar bene zuwa rufin boskwata, in babu bishiyar darbejiya a tsakani, guda biyu sun isa.